Mashi da Kaskon Kaka

An yi wani tsoho a arewacin jihar Minesota ta Amurka, can inda kogin Misisifi bai riga ya yi faɗin da aka san shi da shi ba. Arzikin jihar tafkuna ne. A lambar motocinsu an rubuta dubu goma, amma da aka zauna aka ƙirga sai aka sami 11,842. Gidan tsohon yana bakin ɗaya daga cikinsu, wani matsakaicin tafki mai yawan ciyawar ruwa, ba nisa da babban tafkin Winibigoshish. Kakanninsa daga Finlan suka zo neman abinci, suka shiga haƙar tama, shi ma a ramin tama ƙarfinsa ya ƙare. Da ya ajiye aiki sai ya rage masa abu uku: matarsa, tsohuwar a-kori-kurarsa, da wani mashi mai yatsu bakwai da ya gada daga mahaifinsa.

A ƙasar, idan hunturu ya kankama, ruwan tafki yakan daskare har mota ta hau ta yi tafiya a kai. Daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu hukuma takan ba da damar sukar kifin da suke kira fayik. Dogo ne, koren baya mai ɗigon fari, bakinsa shimfiɗaɗɗe cike da haƙora masu kallon ciki, abin da ya shiga ba ya fita. Halinsa halin tsage ne: ya laɓe cikin ciyawa, ya jira, ya kai cafka. Mutanen Ojibuwe, waɗanda ke wurin tun kafin zuwan Turawa, su suka fara wannan su. Sukan fasa ƙanƙara, su kwanta rub da ciki, su lulluɓa da fata ko bargo, mashi a hannu. Baƙi suka gani suka koya, suka mayar da bargon ɗan ɗakin katako marar taga.

Wata shekara cikin Janairu jikan tsohon ya zo hutu daga Miniyafolis. Saurayi ne mai jini a jika, ya gama jami'a, bakinsa kuma ya fi hannunsa sauri. Daren da ya iso wani maƙwabci ya leƙo shan gahawa, irin mutanen nan da kifin da suka kama yakan ci gaba da girma bayan an cinye shi. Ya ba da labari, ya ƙara wani, ya buɗe hannuwa har ya kusa ture fitila. Saurayin ya ji ba zai iya shiru ba, ya ce kafin ya koma birni zai shigo gidan nan da kifin da sai mutum biyu sun kama masa. Maƙwabcin ya ce in haka ta faru shi zai wanke kwanonin gidan har bazara.

Tsohuwar tana jin su daga kicin. Ta fito da baƙin kaskonta na ƙarfe, ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta ce tun ranar aurenta take suya a cikinsa, kuma har yau bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Ta mayar da shi ta rataye.

Da asuba tsohon ya aiki jikan gareji ya ɗauko zarto da igiya. Saurayin ya kunna wuta, sai ya yi tsaye. Bango guda cike yake da busassun kawunan kifi, an kafe kowanne da ƙusa, baki a wangale, an rubuta shekara a ƙarƙashinsa da fensir. Ya fara daga hagu. Na shekarar da aka haifi mahaifiyarsa, ya dunƙule hannu ya sa a bakin, ya shige har wuyan hannu. Ya bi layin a hankali. Na tsakiya yatsu huɗu suke ɗauka. Na shekarar da aka haife shi da ƙyar uku suka shiga. Daga nan kai biyu ko uku ne suka biyo baya, sai bango ya ci gaba fayau har ƙofa.

Ya tambayi tsohon abin da ya sa kawunan suke ta ƙanƙancewa. Tsohon yana ɗaure takalmi, bai ɗago ba, ya ce ƙusoshin yanzu ne ba su da ƙwari, ba sa ɗaukar nauyi.

Suka hau ƙanƙara ma'aunin sanyi yana 25 ƙasa da sifili, numfashi yana daskarewa a gashin baki. Tsohon ya zaɓi bakin ciyawa inda zurfin ruwa bai wuce tsayin mutum ɗaya da rabi ba. Suka huda kusurwa huɗu, suka haɗe hujin da dogon zarto, suka ciro curin ƙanƙarar da ƙugiyoyi suna nishi. Ramin ya kai santimita 60 a faɗi, 90 a tsayi. Suka ja ɗan ɗakin suka ɗora a kai, suka tara dusar ƙanƙara a gindinsa don kada haske ya sami kafa, suka shiga suka rufe ƙofa.

Da farko saurayin bai ga komai ba sai duhu. Can sai ramin ya fara haske da kansa, kore-kore, hasken rana da ya ratsa ƙanƙarar waje yana tasowa daga ƙasa. Ya ga ciyayi suna rausaya, ya ga yashi, ya ga wani ɗan kifi ya wuce ko a jikinsa. Tsohon ya ce a zamanin mahaifinsa sukan yayyanka dankalin Turawa su watsa a ƙasa don ya yi fari, kifi ya fito sarai in ya gilma ta kai. Ya buɗe wani akwati ya fito da kifin katako da ya sassaƙa da hannunsa, farin jiki, jan kai, da dalma a ciki, fikafikai na gwangwani, wutsiya an ɗan karkata ta. Ya zura shi da zare. In ya ɗan fizgi zaren sai kifin katakon ya yi gaba ya kewaya ramin, tamkar mai rai da ya sha wuya.

Sannan ya ɗaura igiyar mashin a bango ya miƙa wa jikan. Ya ce yatsun su zauna cikin ruwa tun kafin kifi ya zo, don mashin da ya faso ruwa daga sama sanarwa yake yi. Ya ce ba jifa ake yi ba, mashin yana da nauyinsa, saiti ake yi a bayan kai a tura shi kawai. Ya ce kuma a jira sai kifin ya shigo tsakiyar rami. Daga nan ya tsiyaya gahawa, ya ce mai fatsa yana iya cire ƙugiya ya mayar da kifi ruwa ya ce masa yi haƙuri, amma shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya ba kifi haƙuri da huji bakwai a bayansa ba.

Ba a daɗe ba ɗaya ya leƙo daga gefen rami, siriri, bai fi kamu ɗaya ba. Saurayin bai jira ya shigo ba, ya wurga mashin da iya ƙarfinsa. Yatsa ɗaya ya kama shi kusa da wutsiya, kifin ya murɗe ya fizge ya tafi a karkace. Ɓawonsa ya riƙa sauka ƙasa yana walƙiya, wani ɗan jan zare yana bin hanyar da ya bi. Saurayin ya jawo igiya yana kallon tsohon. Tsohon ya hura gahawarsa.

Haka suka wuni. Ƙanana suka yi ta zuwa, irin waɗanda mutanen wurin ke kira ƙotar guduma. Wani ya tafi, wani ya zo, wani lokaci biyu tare. Zuwa la'asar hannun saurayin ya faɗa, ya soki huɗu ba kuskure, amma ransa a ɓace. Ya ce wannan tafki ba kowa a cikinsa sai yara. Tsohon ya ce shi ya sa tun 2018 hukumar jihar ta raba doka shiyya-shiyya, a shiyyarsu ta yarda mutum ya ɗebi har goma, amma manya kada su wuce biyu. Ya ce ihu bayan hari ke nan. Bai faɗi su wane ne suka kai harin ba.

Da dare tsohuwar ta karɓi ƙananan ta shimfiɗa jarida a tebur. Ta ce waɗannan ba na kasko ba ne, na kwalba ne. Ta feɗe su ta jefa tsokar a firiza, ta ce sai ta kwana biyu cur a daskare, don ɗanyen kifin tafki yakan ɗauko tsila, ruwan khal kuwa ba ya kashe ta. Bayan haka za ta jiƙa shi a ruwan gishiri, ta juye shi cikin khal, a ƙarshe ta jera a kwalba da albasa da sukari da masoro. Kafin mako ya zagayo ƙayar duk ta yi laushi, a ci da burodi ba tsoro.

Saurayin yana wanke mata wuƙa ya tambaye ta yadda take yi da manyan nan na bangon gareji. Ta ce wahala take yi da su. Tsokarsu ta fi kauri, daɗi kuwa na matsakaici ya fi, sai ta rarraba wa maƙwabta don kada ya lalace. Ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa buɗe cikin ƙato ta tarar namiji ba ne. Duk mata ne, ciki cike da ƙwai har ya cika kwano, suna jiran ƙanƙara ta narke su shiga fadama su zuba. Kuma sau da yawa in ta tsaga tumbin sai ta ga ɗan fayik a miƙe a ciki, irin waɗannan da ke kan jarida. Ta naɗe jaridar ta ce masa ya je ya kwanta.

Washegari bai ga abin kirki ba, haka ma jibi. Maƙwabcin ya tsaya da motarsa a bakin ɗakin ya tambaya ko ya fara sayen sabulun wanke-wanke. Ranar ƙarshe ta zo, jakar saurayin a haɗe, da safe zai kama hanya.

Wajen azahar tsohon ya jingina da bango, ya ja hula ya rufe ido, numfashinsa ya yi nauyi. Saurayin ya riƙe zare da hagu, mashi da dama. Wasu 'yan ƙanana biyu suna shawagi a gefen ciyawa. Sai kawai suka ɓace, ba su yi sallama ba. Ruwan ya yi tsit.

Baki ya fara shigowa, mai faɗin tafin hannu. Ido ya biyo, rawaya, ba ya ƙiftawa. Bayan ido sai baya, baya kuwa ya yi ta shigowa bai ƙare ba. Kan ya kai wancan gefen ramin, wutsiya ba ta riga ta fito daga ƙarƙashin ƙanƙara ba. Uwar kifin ta tsaya cak ƙarƙashin kifin katakon, fikafikanta na gaba suna ɗan motsi, cikinta a cike. Wurin da tsohon ya ce a saita, bayan kai, yana daidai ƙarƙashin yatsun mashin. Ko makaho aka ba ba zai kuskure ba.

Zuciyar saurayin ta riƙa bugawa har yana jin ta a haƙoransa. Ya lissafa, ya ga ba abin da ya hana shi. Lasisinsa yana aljihu, doka ta ba shi babba, lokaci bai fita ba. Ya hango kansa yana shiga gida, shi a kai, tsohon a wutsiya. Ya hango fuskar maƙwabcin a gaban tulin kwanoni. Ya hango hoton a wayoyin abokansa na birni. Ya ɗan sassauta yatsunsa, mashin ya sauka taƙi guda, ruwan bai motsa ba.

A nan ne ya lura da wani abu a gefen bakinta. Ƙarshen wata 'yar wutsiya ce ta leƙo tsakanin haƙora, koriya mai ɗigon fari, ba ta gama haɗiyewa ba.

Ya tsaya. Ya kalli kan nan, ya auna shi da ido, ya ga hannunsa zai shige har wuya. Ya san inda irinsa yake a bango, can hagu ne, kusa da taga, ba dama ba. Ya tuna shekara nawa aka yi ba a kafa ƙusa a bangon ba, ya ga kusan shekarun da kifi ke bukata ke nan kafin ya kai haka, don sai ya haura goma. Ya tuna ɓawon nan da ya riƙa sauka yana walƙiya. Hannunsa ya fara rawa saboda nauyin ƙarfe. Ya ce a ransa in bai soka ba wani zai soka gobe, maƙwabcin ma yana nan. Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya sake gyara saiti. Sai ya ji ta yi masa kama da maganar da kowane mai kai a bangon nan ya taɓa faɗa wa kansa.

Ya jawo mashin sama a hankali, ya jingina yatsunsa a bakin ƙanƙara.

Kamar jira take, ta zabura ta cafki kifin katakon, zaren ya yanki yatsansa. Ta girgiza kai sau biyu, ta ji icce ne, ta tofar, ta juya ba gaggawa. Wutsiyarta ta share yashi ta tayar da ƙura, da ƙurar ta kwanta ba kowa. Saurayin ya jawo zaren ya duba. Jan fentin ya kankare, haƙora sun yi layi biyu a jikin katakon, tsakaninsu ya fi faɗin tafinsa. Ya tuna waya, ya lalubo ta, sanyi ya riga ya kashe batir. Ya ajiye kifin katakon a kan akwati ya juya ga tsohon. Tsohon yana nan yadda yake, hula a fuska, har da ɗan minshari.

Kafin faɗuwar rana biyu suka zo, matsakaita, masu ƙiba, kowanne ya kai kamu ɗaya da 'yan yatsu. Saurayin ya jira kowanne ya shigo tsakiya, ya tura mashin a bayan kai, ba wanda ya yi motsi na biyu. Tsohon ya farka ya yi miƙa, ya ce barci ya sace shi. Suka janye ɗakin, suka mayar da curin ƙanƙara cikin ramin, suka kafa reshen icce a wurin don kada mai tafiyar dare ya afka.

Tsohuwar ta ɗaga kifayen ta jinjina, ta ce yau an ji maganar kasko. Mutane da yawa suna ƙin fayik saboda wata ƙaya mai gwafa da ke jere cikin tsokarsa, ita kuwa ta san makwancinta. Ta kifa kifin a kan cikinsa, ta yanke tsokar gadon baya daga kai zuwa fiffike, sai kawunan ƙayar suka bayyana layi biyu. Ta bi ta wajen layin ta zare gefe da gefe, ta juya ta cire biyu a wutsiya inda ƙayar ba ta kai ba. Yanka biyar ke nan, ba ƙaya ko ɗaya. Kai da ƙashi ta jefa a tukunya don romon gobe. Ta barbaɗa gishiri da masoro, ta tsoma a ƙwai, ta birkiɗa cikin garin masara, ta sa man shanu a kasko har ya fara kumfa. Minti uku ta juya, minti uku ta kwashe. Waje ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ciki fari tas yana rabuwa falle-falle. Ta haɗa da dafaffen dankali da yankan lemun tsami.

Ƙamshi bai tsaya a gida ba. Kafin a zauna sai ga maƙwabcin yana karkaɗe takalma a ƙofa, wai ya zo ban kwana. Aka ba shi kujera. Ya ci na farko shiru, ya ci na biyu, sannan ya goge baki ya tambayi ina kifin da sai mutum biyu.

Saurayin ya ce ya gan ta. Ya faɗi yadda ta cika rami har ta yi saura, da wutsiyar da ke bakinta, da yadda mashi ya tsaya a kanta. Maƙwabcin ya ajiye cokali, idonsa ya ƙanƙance, ya tambaya a wane gefe suka kafa ɗaki. Ya tambayi hujja kuma. Saurayin ya tashi da sauri ya ɗauko akwatin, ya zazzage shi a ƙasa. Kifayen katako suka warwatsu, kore da rawaya da baƙi. Mai jan kai ba ya ciki. Ya sake dubawa. Ya tambayi kakansa ko ya ga mai jan kan nan.

Tsohon yana tsame tsoka da cokali, ya ce wane mai jan kai? Ya ce shi dai barci ya yi tun azahar, bai ga kifi ba, bai ga komai ba. Da ya miƙa hannu ɗaukar gishiri, aljihun rigarsa ya bugi gefen tebur, ya yi ƙara irin ta katako.

Saurayin ya kalli aljihun, ya kalli tsohon, ya tattara kayan akwatin ya koma ya zauna.

Maƙwabcin ya fashe da dariya har da hawaye. Ya daki kafaɗar saurayin, ya ce kwana huɗu kawai yaron nan ya yi a kan ƙanƙara har ya zama cikakken masunci. Ya ce kifin da ya tsaya a ƙarƙashin mashi aka bar shi ya tafi, wannan ko shi bai taɓa ƙago irinta ba. Daga nan ya shiga labarin wanda ya taɓa kufce masa, wai ya fi wanda aka kama a tafkin Baswud a 1929, mai kusan kilo 21, wanda har yau ba a doke shi a jihar ba. Tsohuwar ta zuba masa na uku, ta ce ya ci ya rage surutu kafin ya huce.

In hanya ta kai ku garin kuka nemi labarin uwar kifin nan, kada ku tambayi tsohon, zai ce muku barci yake. Ku nemi maƙwabcin. Shi ya fi kowa iya ba da shi, kuma kowace shekara yakan ƙara wa kifin taƙi guda, don ƙaryar yaron ta ƙara armashi.